An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Jan Hankali Ga Masu Motocin Da Injinsu Ke Karkarwa

Abin da ya sami wani maƙwabcina ne ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon. Malamin makarantar sakandare ne, ya shekara uku yana zubin adashi kafin ya mallaki Toyota Corolla ƙirar 2004, irin waɗanda muke kira Beljiyam. Wata takwas motar tana tafiya lafiya lau, har ran nan da safe ya tashe ta zai kai yara makaranta, ya ji sitiyari yana kaɗawa a hannunsa, madubin gefe yana rawa, salansa tana fut-fut kamar mai tarin sanyi. In ya tsaya a danja sai ta yi kamar za ta mutu, in ya ba ta wuta sai ta ɗan sake. Fitilar nan mai ruwan ɗorawa da siffar inji kuma ta kama a gabansa. Duk direba ya san sunan wannan ciwo: mota tana misin, silo ya lalace.

Da yamma ya roƙe ni na raka shi gareji. Bakaniken ko bonet bai gama ɗagawa ba ya yanke hukunci: "Malam, fulogi ne." Aka aiki yaro ya sayo guda huɗu cikin kwali mai ƙyalli, an rubuta iridiyam a jiki, a kan kuɗin da ko guda ɗaya na gaske ba zai saya ba. Ina tsaye yaron ya zaro kwayil na uku, na ga robar bakinsa jiƙe sharkaf da baƙin mai, har tana ɗiga. Ya goge da tsumma, ya mayar. Ogansa bai duba ba, mai mota bai tambaya ba, ni ma da na gani ban ce uffan ba, don kada a ce na zo koya wa mai sana'a sana'arsa. Wannan shirun nawa har yau yana damuna.

Kwana biyu motar ta lafa, rana ta uku ciwo ya dawo. Aka koma wani garejin, can aka ce nozul ne, aka kwance aka wanke. Bai yi ba. Bakanike na uku ya kasa kunne ya ce ai famfon mai ne ya gaji. Aka ɗaga kujerar baya, aka ciro famfon da motar ta zo da shi daga kamfani, wanda lafiyarsa ƙalau, aka sa wani na araha. Tsohon kuwa a garejin aka bar shi, kuma na tabbata yanzu yana cikin motar wani. A nan ne fitilar ta daina tsayawa cak, ta koma ƙyaftawa duk lokacin da aka hau gada ko aka ɗauki mutane. Malam ya ce tana ɗauke masa hankali da dare, sai wani mai gyaran wayar mota ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta. "Shi ke nan, Malam, ka huta. Ai duk Beljiyam haka suke."

Da salatif ɗin nan a fuskar mota ya ɗebi iyali daga Kano za su ɗaurin aure Zariya. Tun kafin Kura suka fara jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Can gaba motar ta ƙi wuce 60 ko an take totur har ƙasa, uwargida ta ce ƙasan motar yana ƙona mata ƙafa. A Kwanar Ɗangora suka tsaya. Bakaniken bakin hanya ya leƙa ƙasa ya ce indomi ta toshe, wato tukunyar nan mai tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda cikinta yake kamar saƙar zuma. Ya kwance ta, ya sa ƙarfe ya farfashe cikin, ya juye a buhu, ya tura buhun ƙarƙashin bencinsa. Malam ya biya kuɗin aiki har da godiya. Bai san cewa abin da ke cikin buhun yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam da rodiyam ba, kuma akwai masu yawo gareji-gareji suna sayensa da kuɗi mai kauri.

Bayan duk wannan wahala ne wani abokin aikinsa ya kai shi wurin wani matashi mai na'urar bincike, abin da direbobi ke cewa a sa wa mota kwamfuta. Ya jona ta a ƙasan sitiyari, lamba ta fito: P0303. Ma'anarta silinda ta uku ba ta ƙona mai. Matashin bai aiki kowa kasuwa ba. Ya ciro kwayil na uku ya kai shi gurbin na biyu, ya kawo na biyu gurbin na uku, ya goge lambar, suka zaga unguwa suka dawo. Lamba ta koma P0302. Ciwo ya bi kwayil, magana ta ƙare. Ya haska tocila cikin ramin fulogi na uku, ga baƙin mai kwance: gasket ɗin murfin saman inji ya bushe ya tsage, mai yana zurara cikin ramin, shi ya ci robar kwayil ɗin har wuta ta riƙa tsallakewa gefe. Kwayil ɗaya da gasket ɗaya, su ke nan. Binciken bai kai minti ashirin ba. Wata biyu aka yi an bar jaki ana dukan taiki, kuma kuɗin da ya tafi a banza ya ninka na gyaran gaskiya sau da yawa, ban da indomi da ba za ta dawo ba.

Ba na son na tsaya dogon bayani kan abin da kowane mai mota ya kamata ya sani. Kowace silinda tana buƙatar abu huɗu kafin ta yi aiki: iska, mai, tartsatsin wuta a kan lokaci, da matsi. Ɗaya ya gaza, silindar ta yi fashi. A mota mai fulogi huɗu, fashin silinda ɗaya yana nufin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin inji ya tafi, shi ya sa take ɗingishi. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne inda man da bai ƙone ba yake zuwa. Wani ya bi salansa ɗanye, ya je ya kama da wuta a cikin indomi, zafi ya yi yawa har cikinta ya narke ya toshe hanyar hayaƙi. Wani ya wanke baƙin man da ke jikin bangon silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka man inji, ringi da metal su fara cin juna. Ciwon da kwayil ɗaya zai warkar, in aka yi ta yawo da shi, sai ya kai ga sauke inji.

To, a nan nake da magana da masu liƙe fitila da masu cire mata ƙwai. Don Allah wace irin dabara ce wannan? Yaronka yana zazzaɓi, sai ka fasa ma'aunin zafi ka ce ya warke? Fitilar nan harshe biyu take magana da shi. In ta kama ta tsaya, tana cewa akwai matsala, ka nemi lokaci cikin kwanakin nan a duba. In tana ƙyaftawa, tana cewa misin ɗin ya kai matakin da zai lalata indomi, ka rage gudu, ka sauka daga hanya, kada ka ci gaba da tafiya mai nisa. Ba ado aka sa ta don ta yi ba. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da wannan tsarin binciken kai mai suna OBD-II, a Turai kuma motocin fetur suka bi sahu daga 2001. Ke nan kusan duk Corolla da Camry da Accord da Civic da ke yawo a titunanmu suna da wata 'yar kafa mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, tana jiran a jona mata na'ura ta faɗi inda ke mata ciwo. Motar tana da baki, mu ne muka ƙi saurara.

Lambobin ba su da wuyar riƙewa. P0301 zuwa P0304 suna nuna silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu, haka har P0306 a mota mai fulogi shida. P0300 na nufin fashin ba a wuri ɗaya yake ba, yana yawo, wanda galibi ke nuna abin da ya shafi silindu duka, kamar mai ko iska. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. P0420 kuma indomi ce ta gaza aikinta ko babu ita. Amma a kiyaye: lamba tana nuna ɗakin da ɓarawo ya shiga ne, ba ta faɗin sunansa. P0303 ba ta ce a sayi kwayil ba, cewa ta yi a binciki silinda ta uku. Akwai kuma masu na'urar da aikinsu kawai su goge lambar su karɓi kuɗi, fitila ta mutu, gobe ta dawo. Wannan da mai salatif duk kanwar ja ce. Ka sa a nuna maka lambar da idonka, ka ɗauki hotonta a waya kafin a goge.

Ga abin da na fi so mai karatu ya tafi da shi: kada ka sayi komai sai an gwada an nuna maka. Gwajin nan mafi yawansa kyauta ne. In lamba ta nuna silinda ɗaya, a yi musayar kwayil ɗinta da na maƙwabciyarta kamar yadda matashin nan ya yi. Ciwo ya bi kwayil, an kama mai laifi. Bai bi ba, a yi musayar fulogi. Nan ma bai bi ba, sai a koma kan nozul. Duk waɗannan suka fita, a sa ma'aunin matsi a auna silindu huɗun ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata su zo kusa da juna, in ɗaya ta faɗi ƙasa sosai to magana ta koma kan bawul ko ringi ko gasket ɗin top silinda. Sai an zo nan ne maganar buɗe inji take da hujja. Bakaniken da ya ce a sauke inji alhali ko ma'aunin matsi ba shi da shi a akwatinsa, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ja motarka.

Kuma idan an ciro fulogi, kada ka bari yaro ya watsa su a ƙasa. A jera su yadda suka fito, na ɗaya zuwa na huɗu, ka duƙa ka duba bakinsu, domin fulogi shi ne mai ba da shaidar abin da ke faruwa a ciki. Mai launin toka-toka ko ƙasa-ƙasa, lafiya. Mai baƙin gawayi busasshe, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Mai jiƙe da baƙin mai a bakinsa, inji yana shan mai. Wanda ya yi fari fat, zafi ya yi yawa ko mai ya yi kaɗan. Wanda ya fita tas kamar an wanke shi alhali 'yan uwansa sun yi datti, a duba ko ruwan lagireto yana shiga silindar, musamman in ruwa yana raguwa kuma salansa tana farin hayaƙi mai kauri. A leƙa ramin fulogin da tocila, in akwai mai ko ruwa a ciki a magance shi tukuna, in ba haka ba sabon kwayil ma haka zai mutu. A bari inji ya huce kafin a kwance fulogi, don saman injin waɗannan motoci na alminiyam ne, zarensa ba ya jure gaggawa.

Maganar fulogin jabu kuwa ta isa a yi mata rubutu na daban. Fulogi na gama-gari yana kai wajen kilomita 30,000, na iridiyam na gaske yana kai kilomita 100,000 ko fiye. Amma kasuwa cike take da kwalaye masu ɗauke da sunan Denso da NGK waɗanda kamfanonin nan ba su san da zamansu ba. In aka ce maka ga iridiyam huɗu a kan kuɗin guda ɗaya, ai araha ba ta ado. Ka nemi lambar fulogin da aka rubuta wa injinka, ka saya a inda za ka iya komawa ka yi ƙorafi. Gara na gama-gari na gaske da iridiyam na ƙarya. Kuma tsohon kayan da aka cire maka, famfo ne ko kwayil ko indomi, naka ne, ka sa a but ɗinka ka tafi da shi.

Masu tsofaffin motoci irin su Golf 3 da Peugeot 504, waɗanda ke da distiributa da wayoyin fulogi, ku ma kuna da gwajinku na kyauta. Da dare, a waje mai iska, a tashi mota a ɗaga bonet a kashe fitilu. In waya ta tsage za ku ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga jikinta. Ido kawai za a sa, kada a kai hannu, domin wutar wurin dubban bolt ce. A buɗe hular distiributa a duba ko ta tsage ko ta yi tsatsa. Kada kuma a bar mota tana aiki cikin rufaffen gareji, gubar da ke cikin hayaƙinta tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Ba kowace karkarwa ce daga wuta ba. In mota tana rawa a tsaye amma tana sakewa da an hau titi, a nemi inda iska ke satar hanya. Tiyon roba da ya shekara ashirin, rabi a sanyin Turai rabi a zafin Arewa, dole ya tsage. A kasa kunne, sau da yawa za a ji yana tsiii kamar maciji. Irin Corollar maƙwabcina an san ta da wannan a gasket ɗin manifol, musamman da sanyin safiya. Sai ƙurar hunturu, wadda ke toshe filtar iska, ta ɓata na'urar auna iska da ke bayanta, ta tara datti a maƙogwaron totur. Mu kuwa sai a ciro filta a buga ta a jikin taya a mayar, shekara da shekaru, wasu ma su cire ta gaba ɗaya wai mota ta sha iska. Filta sabuwa nawa take? Akwai kuma kujerar inji: in robarta ta mutu, mota za ta yi ta kaɗawa a danja alhali injin lafiyarsa ƙalau. Allurar silo ce za ta raba gardama. Inji mai lafiya da ya yi zafi yakan zauna wajen 700 zuwa 800 ba tare da allura tana hawa da sauka ba. Bakaniken da ya ƙara maka silo don rawa ta ɓuya bai gyara komai ba, ya dai ƙara maka shan mai.

Sai man da muke zubawa. Ba mu manta watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, hukumomi da kansu suka amsa, motoci suka yi ta lalacewa, layi ya dawo gidajen mai. In daga jirgin ruwa ana iya samun haka, ina ga galan ɗin ɗan bumburutu da ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba? In mota ta fara misin jim kaɗan bayan ka sha mai, ka fara zargin man kafin ka zargi inji. Tun da aka cire tallafi a 2023 kuma, da yawanmu a rizab muke rayuwa, ana zuba lita uku lita huɗu. Na san halin da ake ciki, ni ma ina ciki. Amma famfon mai a cikin tanki yake zaune, man ne ke sanyaya shi, kuma tankin da kullum yake a ƙasa yana gajiyar da shi da wuri. Kuɗin man duk ɗaya ne. Ka daure sau ɗaya ka ɗaga shi zuwa kwata, ka riƙa ɗorawa daga nan.

Abu biyu kuma da muke yi da hannunmu. Na farko, wankin inji da tiyo mai ƙarfi. Yaro ya buɗe bonet ya yi ta feshi har inji yana ƙyalli, ruwa ya cika ramukan fulogi, kafin ka isa gida mota ta fara ɗingishi. Tsumma mai laima ya isa. Na biyu, cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye wai ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa, kwamfutarsa ɗauka take har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai, fulogi su yi baƙi, silo ya lalace, aljihu ya ji a jikinsa.

Wanda kuma yake shirin sayen Beljiyam ko ta hannu, ga gwajin daƙiƙa biyar. Ka murɗa makulli ba tare da ka tashi inji ba. Fitilar nan dole ta kama tare da 'yan uwanta, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe ta daga ciki. Ka je da safe ka taɓa inji ka tabbatar da sanyi yake kafin a tashe shi, don dillali ya san misin da yawa yana ɓuya in mota ta ɗumama. Ka leƙa ƙasa ka ga ko an yi wa salansa sabuwar walda a wurin indomi. Ka zo da mai kwamfutarka, ba na mai sayarwa ba.

Motar maƙwabcina yanzu ta daina rawa, tana kai yara makaranta. Sai dai in ya tashe ta da safe, warin hayaƙinta har tsakar gidana, kuma fitilar nan a kunne take dare da rana da lambar P0420, domin indomi tana can inda buhu ya kai ta. Abin da ya fi damuna shi ne gobe in wata sabuwar matsala ta taso, ba shi da yadda zai gane da wuri, tunda fitilar da za ta gaya masa ta riga ta kama. Ya ɓare salatif ɗin, amma shatin danƙonsa yana nan a gilashin. Shekaranjiya na ji shi a majalisa yana ce wa wani mai Honda da ya zo da irin wannan kuka: "Alhaji, kafin ka ba da ko sisi, ka ce su nuna maka lambar, sannan su juya kwayil a gabanka."